Dutse mai ratsi

Kaele gari ne a arewacin Kamaru, kudu da Marwa. A wannan yanki, idan ruwan damina ya zaizaye ƙasa, akan ga wani dutse mai ratsi-ratsi, fari da baƙi, kamar luru. Da Faransanci sunansa gneiss.

Ba haka dutsen yake ba tun farko. Shekaru kimanin miliyan 600 da suka wuce, wani dutse ne daban, can ƙarƙashin ƙasa da zurfi. Zafin wurin ya wuce digiri 600, ga nauyi ya danne shi. Bai narke ba, amma ya rikiɗa: fararen ƙwayoyinsa suka jeru daban, baƙaƙe ma daban. Haka ratsin ya samu.

Sunan daga Jamusanci ya fito. Masu haƙar ma'adini na Jamus suna amfani da shi tun ƙarni na 16. Masana da yawa suna ganin asalinsa wata tsohuwar kalma ce mai nufin tartsatsi, domin dutsen yana ƙyalli a rana.

Dutsen yana da tauri ƙwarai. Ruwa ba ya shigarsa, sai inda ya tsage. Saboda haka masu haƙa rijiya sukan nemi wurin da yake da tsaga. In ba su dace ba, rijiyar takan ƙafe da rani.

Tambayoyi
1. Me ya rikiɗar da dutsen?
2. Daga wane harshe sunansa ya fito?
3. Don me masu haƙa rijiya suke neman tsaga?