"A Riƙe Mana Shi": Gaskiyar Kwantar da Matashi a Asibitin Ƙwaƙwalwa

Kusan duk uban da ya kawo mana ɗansa matashi roƙonsa ɗaya ne: "Sista, don Allah a riƙe mana shi, ko wata shida ne, ko nawa ne zan biya." Na daɗe ina aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma ban taɓa ganin laifin mai wannan roƙo ba. Kafin ya iso ƙofarmu ya riga ya sha wuya. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi, an tura yaron wurin kawunsa a wani gari ya dawo, an sayar da tumaki. Gidan ya kwashe watanni ba barcin kirki. To amma abin da uban yake nema wurin ajiya ne, inda zai kai yaro ya samu ya numfasa. Mu kuwa magani muke yi, kuma gadonmu na ɗan lokaci ne. Wannan saɓanin fahimta shi ne tushen yawancin rigimar da muke yi da iyaye.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Mafi yawansu ba sa buƙatar gado ko na kwana ɗaya. Yarinyar da damuwa ta hana ta cin abinci da walwala, ko yaron da faɗuwar gaba ke hana shi shiga aji, ana iya duba su su koma gida, su riƙa zuwa ganin likita da mai ba da shawara suna ci gaba da karatunsu. Cire irin waɗannan daga gida da makaranta ƙara musu ciwo ne.

Wanda muke kwantarwa shi ne wanda zamansa a gida ya zama haɗari: ya yi yunƙurin kashe kansa ko yana ta maganar hakan da shiri a ransa, yana jin muryoyi suna ba shi umarni, ko ya gamsu cewa mutanen gida suna sa masa guba har ya daina ci da sha, ya kwana huɗu biyar ba barci, yana zuba surutu, yana rabar da kayansa, yana neman faɗa da kowa. Sai kuma wanda ƙwaya ta kama jikinsa har barinta farat ɗaya zai iya kayar da shi. Wanda ya saba da ƙwayoyin barci irin su diazepam, idan aka yanke masa lokaci guda, yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Shi ya sa kulle shi a ɗaki "har ta fita daga jikinsa" ba dabara ba ce.

Akwai wani abu da nake so kowace uwa ta riƙe. Yaron da hankalinsa ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, ga zazzaɓi, ga ciwon kai ko sanƙarewar wuya, a garzaya da shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa da sanƙarau duk suna zuwa da sambatu, kuma ba sa jira.

Ranar da aka ba yaro gado, abin da ya fi ɓata wa iyaye rai shi ne bincike. Muna karɓe reza, igiyar wando, bel, wayar caja, duk wani magani da aka zo da shi, har ƙullin garin da kaka ta cusa a ƙasan jaka. Ana auna jini da fitsari. Likita zai zauna da yaron shi kaɗai, sannan da iyaye, domin akwai maganar da ɗan shekara 16 ba zai taɓa furtawa a gaban mahaifinsa ba. Kwanakin farko babban aikinmu barci ne da abinci da ido a kansa dare da rana. Lokacin rabon magani ina tsaye sai ya haɗiye, in ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe. Wasu sun gwanance da ɓoye ƙwaya a kumatu, su tofar a bayan taga, wasu kuma su tara ta, wanda shi ne ya fi ba mu tsoro.

Magungunan nan suna da nasu hali, kuma rashin sanin halin ne ke sa a gudu da majinyaci. Na taɓa jinyar wani yaro da aka fara wa haloperidol. Kwana biyu sai wuyansa ya karkace gefe, idanunsa suka kafe sama, harshe ya yi nauyi, yawu na zuba. Mahaifiyarsa ta zabura tana salati, ta fara naɗe tabarma: "Wallahi mutanen ne suka dawo, dama an ce mana ba na asibiti ba ne." Na riƙe hannunta na ce, "Mama, ki ba ni rabin awa." Aka yi masa allurar da ke warware wannan ɗaurewar jijiya, kafin la'asar yana zaune yana shan kunu. Illar magani ce sananniya, tana da makari, kuma likita na iya rage shi ko ya canza wani. Haka maganin ciwon damuwa: yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye, kafin a ga haskensa. Uban da ya zo rana ta biyar ya ce "ba wani canji" bai yi ƙarya ba, lokacin ne bai yi ba.

Da hankali ya fara dawowa sai aikin zama da magana ya kankama, shi kaɗai da kuma cikin rukuni, a koya masa gane alamun tashin ciwonsa da yadda zai bi da fushi ko sha'awar ƙwaya idan ta taso. Ga yawancin waɗanda ciwo ya taso musu da ƙarfi, makonni kaɗan ne a sallame su. Masu shaye-shaye sukan fi daɗewa. Ba na ɓoye cewa muna da giɓi. Asibitoci da yawa ba su da ɗaki na matasa zalla, sai ka ga ɗan shekara 15 a gado kusa da magidanci ɗan 45. Wannan bai dace ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa ba ma son tsawaita zaman yaro ba bisa larura ba.

Uban da muka ce wa ɗansa ba ya buƙatar gado, ko muka sallame shi bayan mako uku, sau da yawa gidan mari yake nufa. Na san hujjar: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura da wasu garuruwa. Duniya ta yi ta mamaki, mu da ke wanke gyambon mari a idon sawu ba mu yi ba. Yaron da ke jin muryoyi, duka ba ya kashe muryar, sai dai ya koya masa yin shiru a kanta. Mai shan tiramol kuma yakan fito da ƙiyayyar iyayensa a kan ciwon da ya shiga da shi. Ba da addu'a nake faɗa ba. A ɗakinmu ana salla, ana karatu, iyaye na tofa wa 'ya'yansu addu'a, ba mai hana su. Sarƙa da yunwa da bulala nake ƙi.

Kuma dole a yi wa iyaye adalci. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware kan yara da matasa kuwa ba su taka kara sun karya ba. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano, sai sassan da ke asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin ƙauye sai ya yi tafiyar yini kafin ya kai ɗaya. A farkon 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa majinyaci yana da haƙƙi da mutunci. Doka dai ta samu. Gadaje da ma'aikata ne har yanzu da saura.

Don haka duk cibiyar da za ka kai ɗanka, ta gwamnati ko ta kuɗi, ka tambaya: wane likita ne ke duba shi, sau nawa a mako? Wane magani ake ba shi, mene ne sunansa? Zan iya ganin inda zai kwana? Yaushe zan riƙa zuwa? Duk inda aka ce maka ba za ka ga yaronka ba sai bayan wata uku, ɗauki abinka ka tafi.

Zuwan iyaye ba alfarma ba ce, cikin maganin yake. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gwada wannan a Aro ta Abeokuta, inda ya riƙa saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne tare da ɗan'uwansa, su zo karɓar magani su koma cikin mutane. Abin da ya gani shi muke gani yau: yaron da mahaifiyarsa ke gefensa, mahaifinsa ke zuwa zaman iyali yana sauraro, ya fi saurin miƙewa a kan wanda aka ajiye aka juya baya. A irin wannan zama ne akan gano cewa rikicin kishiyoyi ne ke cin yaron, ko wani babba a unguwa yana lalata da shi, ko yayansa ne ke kawo masa ƙwayar.

'Yan mata kuwa ba a cika kawo su da wuri ba, saboda tsoron kada a ji, ta rasa mijin aure. Sai abin ya ci tura. Mafi ban tausayi ita ce ƙaramar amarya da ta haihu, cikin mako biyun farko ta daina barci, ta ƙi jaririn ko ta riƙa cewa ba nata ba ne. Wannan ciwo ne na bayan haihuwa da ke buƙatar asibiti a ranar, kuma yana jin magani sosai.

Ranar sallama iyaye ke ganin an gama, mu kuma ranar ce hankalinmu ya fi tashi. Makonnin farko bayan komawa gida su ne mafi haɗari ga wanda ya taɓa yunƙurin kashe kansa, saboda haka a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da maganin ƙwari na gona daga inda hannunsa zai kai, maganinsa kuma ya zauna a hannun babba guda ɗaya. Wanda ya bar tiramol ko kodin, jikinsa ya manta da yawan da ya saba ɗauka. Idan ya koma ya sha adadin da yake sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. A gaya masa wannan ƙarara, ko da ya rantse ba zai koma ba. Kada a tsayar da magani don an ga ya warware, likita ne zai rage shi a hankali. A nema masa abin yi tun kafin ya fito, makaranta ko shagon koyon sana'a, a kuma daina kiransa da sunan ciwonsa a tsakar gida. Ranar komawa asibiti da aka rubuta a katinsa, a je ko da lafiyarsa ƙalau, tare da sauran maganin da ya rage a leda domin mu ƙirga.