Darasi na Tara: Gajere Mai Turombon

Turombon abin busa ne na tagulla mai kama da kakaki, sai dai tana da bututun da ake turawa gaba a jawo baya domin sauya sauti. Makaɗan jaz suna ji da ita.

An haifi Troy Andrews a 1986 a birnin New Orleans na Amurka, cikin zuriyar makaɗa. Yana ɗan shekara huɗu ya soma busa turombon. Da yake ta fi shi tsawo, aka laƙaba masa Trombone Shorty, wato gajere mai turombon. Ya fara koyo a titunan unguwarsu wurin wansa James, amma bai tsaya ga baiwa kaɗai ba, ya shiga makarantar fasaha ta NOCCA ya karanci kiɗa. A 2005 ya zaga duniya tare da mawaƙi Lenny Kravitz, a 2010 kuma ya fitar da faifansa Backatown. Yanzu gidauniyarsa tana horar da yara, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Yaya ake sauya sautin turombon?
2. Me ya jawo laƙabin Troy?
3. A waɗanne wurare ya koyi kiɗa?