Yadda Ake Koyon Sarrafa Manyan Bayanan DNA da Kwamfuta

Kundin gadon ɗan Adam yana da haruffa kusan biliyan 3, kuma huɗu ne kawai ke ta maimaituwa: A, C, G da T. Injin karanta DNA ba ya fitar da su a jere. Gutsattsari yake zubowa, kowanne haruffa 100 zuwa 150, har ɗaruruwan miliyoyi. Excel kuwa layi 1,048,576 ne iyakarsa. Duk mai son wannan fanni, dole ya iya ba kwamfuta umarni a rubuce.

Fara da Linux, Python ya jira tukuna. Idan Windows ke kan kwamfutarka, saka WSL, ya wadatar. Ka saba da cd, ls, head, grep, wc, zcat da awk har hannunka ya riƙa buga su ba tunani. Fayil na farko da za ka sani shi ne FASTQ. Kowane gutsure layi huɗu ne a cikinsa: suna, haruffan DNA, alamar +, sai makin ingancin kowane harafi. Buga zcat samfur.fastq.gz | head -8, gutsure biyu za su bayyana. Sauya head -8 da wc -l, raba abin da ya fito gida huɗu, ka san yawan gutsattsarinka. Ka lura da sandar nan ta tsakiya (|). Ita ke miƙa bayanai layi-layi daga wannan umarni zuwa wancan, ba tare da an kwance fayil ɗin duka ba. Mai tankaɗe ba ta juye buhun gari a rariya, kwano-kwano take zubawa. A ganina wannan ɗabi'a ta fi kowane yaren kwamfuta muhimmanci, domin fayil mai gigabait 50 ba zai taɓa shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta mai gigabait 8 ba.

Daga nan nemi bayanan gaske, amma kar ka fara da na mutum. Ɗauki Plasmodium falciparum, ƙwayar da ke kawo zazzabin cizon sauro. Haruffanta kusan miliyan 23 ne a kuromosom 14, an kuma wallafa kundinta tun 2002. Kundin da ake aunawa da shi, mai suna 3D7, yana PlasmoDB, gutsattsarin samfura kuma kyauta ne a ENA ko SRA. Samfuri ɗaya ya isa, kuma duba girmansa kafin ka taɓa, data ba ta da arha.

Saka manhajojin ta hanyar Conda da Bioconda. FastQC zai nuna maka ingancin karatun. BWA zai ɗora kowane gutsure a gurbinsa a kan 3D7, samtools ya jera su ya yi musu fihirisa, bcftools kuma ya fitar da fayil ɗin VCF, inda aka lissafa duk wurin da samfurinka ya saɓa. Yanzu je kuromosom na 7, nemo ƙwayar gado mai suna pfcrt. Sauyin amino asid na 76 daga K zuwa T shi ne babbar alamar ƙin jin maganin kulorokwin. Duba ko naka yana da shi.

Sai yanzu Python. Rubuta ɗan shiri da zai buɗe FASTQ ya ƙirga kason G da C a kowane gutsure, layi bayan layi, kar ka kira readlines. Gwada shi a kan layi 4,000 na farko kafin ka sake shi a kan fayil duka. Akwai hanyar gane ko ka yi daidai: kason G da C na wannan ƙwaya kusan 19 ne cikin 100, na mutum kuwa kusan 41. Idan ka ga tarin gutsattsari a wajen 40, to wataƙila DNA ɗin mutumin da aka ɗebi samfurin daga jininsa ne ya biyo. Yaren R zai zo daga baya, idan an kai ga zanen jadawali da lissafi.

Kurakuran da suka fi cin mutane a nan ba sa yin ƙara. Fayil ɗin BED, wani nau'in fayil mai lissafa gurabe, daga 0 yake fara ƙirga gurbi, VCF daga 1. Ka haɗa su ba gyara, komai ya goce da harafi ɗaya, kwamfuta kuma ba za ta ce uffan ba. Wani fayil na kiran kuromosom chr1, wani 1 kawai, sai sakamako ya fito fayau babu komai. Excel ma yana mayar da sunan ƙwayar gado SEPT2 ya zama kwanan wata, abin da ya dami masana har aka sauya irin waɗannan sunaye a 2020.

Duk umarnin da ya yi aiki, zuba shi a fayil, ka adana da Git, haɗe da lambar sigar kowace manhaja. Idan samfuran sun kai gommai, koyi Snakemake ko Nextflow, su ne ke ci gaba daga inda aiki ya tsaya maimakon a koma farko. Bayanan mutum kuwa babbar kwamfutar jami'a ko cibiyar bincike suke so, wadda ake shiga ta ssh, a miƙa aiki ta SLURM. Kafin ka tayar da dogon aiki a can, buɗe tmux, don ko an ɗauke wuta ko intanet ya yanke a wurinka, aikin ya ci gaba da tafiya.