TAMBAYAR JININ DA NA AMSA RABINTA: DARASI A KAN SANKARAR BAKIN MAHAIFA DA TA MAMA

  

'Yan uwa, darasin yau na daɗe ina ɗage shi, saboda akwai sakacina a ciki.

Shekaru kaɗan da suka wuce, wani dattijo da ke salla a masallacinmu ya jira bayan La'asar har kowa ya watse. Ya ce, "Allah gafarta Malam, saƙo ne daga iyalina. Al'adarta ta ɗauke kusan shekara uku, yanzu kuma jini ya dawo, yau wata biyu kusan kullum sai ta ga ɗigo. Yaya za ta yi da salla?" Na ce masa, "Baba, wannan istihala ce, jinin ciwo. Ta tsarkake jikinta, ta yi alwala, ta ci gaba da sallarta da azuminta." Ya yi godiya ya tafi, ni ma na ji na sauke nauyi.

Bayan kamar shekara guda na sallaci gawar wannan baiwar Allah. A wajen zaman gaisuwa mijin ya ce min sai da ciwo ya kwantar da ita suka je asibiti, aka ce sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta yaɗu. Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma da bakina na ce "jinin ciwo ne", ban tambayi kaina wane ciwo ba, ban kuma ce a kai ta wajen likita ba. Babin haila da nifasi mun sha shi a jami'a, matani da sharhi, sai dai babu ranar da aka ce mana jinin da ya dawo bayan ɗaukewar al'ada alama ce da likita ba ya wasa da ita. Tun daga nan na riƙa zama da wani likitan mata da ke unguwarmu, na kuma karanta abin da masu bincike suka gano. Ga abin da na fahimta.

NA FARKO: MECE CE SANKARA?

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna rabuwa su hayayyafa bisa tsari, wadda ta lalace kuma a gyara ta ko a kashe ta. A cikin kowace ƙwaya akwai sinadaran da ke wannan gadi. Biyu daga cikinsu masana na kiransu p53 da Rb. Na farko kamar mai gadi ne, in ya ga ɓarna sai ya tsayar da aiki. Na biyu kamar birkin mota yake. Idan mai gadi ya mutu kuma birki ya tsinke, ƙwaya sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta zama tsiro, daga baya ta bi jini da sauran magudanan jiki ta kama wasu sassa. Wannan ita ce sankara, wadda muke cewa ciwon daji ko kansa.

NA BIYU: BAKIN MAHAIFA

Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa suka gano ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 a cikin tsokar masu wannan sankara a 1983, sannan nau'i na 18 a 1984. An ba shi kyautar Nobel a kan haka a 2008. Waɗannan nau'i biyu kaɗai su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Binciken da ya biyo baya ya nuna yadda take ɓarnar: tana ƙera furotin guda biyu, E6 da E7. E6 ya rusa p53, E7 ya kwance Rb. Ka ga ke nan ta kashe mai gadi ta tsinke birki.

To amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, mafi yawan waɗanda suka kamu da HPV garkuwar jikinsu kan share ta cikin shekara biyu, ba su ma san ta shiga ba. Na biyu, wadda ta maƙale mata, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mai raunin garkuwa, kamar mai HIV da ba ta shan magani, yakan zama shekara 5 zuwa 10. Wannan tsawon lokaci rahama ne, domin a cikinsa ana iya ganin canjin tun bai zama sankara ba.

Yaya ake gani? Akwai gwajin Pap, wanda ya samo suna daga likita George Papanicolaou: a shafo bakin mahaifa a duba da madubin likita. Akwai mai sauƙi, da ake shafa ruwan khal, wurin da ya fara canzawa sai ya yi fari. Akwai kuma sabon gwaji da ke neman ƙwayar HPV ɗin kanta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawara a kai: mace ta fara daga shekara 30, ta maimaita duk shekara 5 zuwa 10, mai HIV kuma ta fara daga 25. A wasu wuraren mace da kanta take ɗaukar samfurin. In an ga canji, ana iya ƙone wurin ko a daskarar da shi cikin mintoci, ta koma gida ranar.

Duk da haka, a 2022 mata kusan 660,000 suka kamu a duniya, kusan 350,000 suka rasu. A Najeriya, a 2020, an ƙiyasta sababbin kamuwa 12,000 da mace-mace 8,000. Wato cikin kowaɗanne uku da suka kamu, kamar biyu ke tafiya.

Alamomin da ba a zama da su: jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan saduwa, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, da ruwa mai wari da ya ƙi jin magani. Ba kowane irin wannan jini ne sankara ba, amma likita ne zai tantance.

NA UKU: KADA A YI ƘAZAFI

HPV ta hanyar saduwa take yaɗuwa, wannan gaskiya ne. Daga nan sai jahili ya ce ai ciwon mazinata ne. Subhanallah! Kusan duk wanda ya taɓa saduwa, namiji ko mace, yakan haɗu da ita a rayuwarsa. Namiji na ɗauke da ita ba alama ko ɗaya. Mace na iya samunta daga mijinta na sunna wanda ba ta taɓa sanin wani ba sai shi, shi kuma ya samo ta daga auren da ya yi a baya na halal. Tana kuma iya kwanciya shekaru masu yawa kafin ta bayyana. Don haka takardar asibiti ba hujja ba ce a kan mutuncin kowa. Wanda ya jefi matarsa da zargi saboda sakamakon gwaji ya ɗauki zunubi babba, kuma ya sa wasu mata goma su ƙi zuwa gwaji don tsoron bakin mutane.

NA HUƊU: RIGAKAFI

A 1991 Ian Frazer da Jian Zhou a Jami'ar Queensland ta Ostireliya suka samo hanyar ƙera ɓawon ƙwayar cutar ba tare da abin da ke cikinta ba. Jiki ya ga ɓawon ya shirya garkuwa, ita kuwa allurar ba ta iya sa cuta. An fara ba da izinin amfani da ita a 2006. Wani bincike a Suwidin da aka wallafa a 2020, a kan mata kusan miliyan 1.7, ya nuna waɗanda aka yi wa kafin shekara 17 haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100. A Ingila, binciken 2021 ya samu kashi 87 ga waɗanda aka yi wa suna da shekara 12 zuwa 13. Malesiya, ƙasar Musulmi, tun 2010 take yi wa 'yan mata a makarantu. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum a Oktoban 2023, ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya, kyauta.

Na san abin da ke zuciyar wasu. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ya bar tabo, kuma ba na zargin uban da ya tsaya ya yi tambaya. Tambaya haƙƙinka ce. Amsar ita ce, wannan allura an yi ta ɗaruruwan miliyoyi a duniya, ƙasashen da suka ƙera ta su suka fara yi wa 'ya'yansu, kuma kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai sa ido a kan lafiyar rigakafi ya duba zancen hana haihuwa bai samu alaƙa ba. Ciwon da take karewa shi ne yake sa a cire wa mace mahaifa. Ana yi wa ƙananan yara ne saboda tana aiki sosai kafin a haɗu da ƙwayar, wato kafin aure.

NA BIYAR: SANKARAR MAMA

Wannan ita ce ta fi kowace sankara yawa a mata: miliyan 2.3 suka kamu a 2022, kusan 670,000 suka rasu. Ba ta da allurar rigakafi, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Babban abin da bincike ya gano shi ne ba ciwo ɗaya ba ce. Akwai wadda sinadarin mata na istirojin ke ciyar da ita, ana ba ta ƙwayoyi irin su tamoxifen. Akwai wadda furotin HER2 ya yi mata yawa. Dennis Slamon ya nuna a 1987 cewa ta fi saurin ɓarna, aka kuma samar mata da maganin Herceptin a 1998. Akwai ta uku da ba ta jin waɗannan biyun, sai tiyata da kimo da gashi. Shi ya sa likita ke dagewa a gutsuro ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji kafin a fara magani. Mutanenmu na cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi zai fashe. Wallahi jinkiri ne ke fasa shi. A ƙasashen da ake ganowa da wuri, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ita suna raye bayan shekara biyar.

Sai batun gado. A 1990 Mary-Claire King ta nuna akwai ƙwayar gado da ke sa ciwon ya bi dangi. Ita ce BRCA1, aka tantance ta a 1994, sai BRCA2 a 1995. Aikinsu gyaran ɓarna ne a cikin ƙwayar halitta, wanda ya gaji lalatacciya kuwa gyaransa ya yi rauni. Ana gadonta ta wajen uwa, ana gadonta ta wajen uba. Wannan ya shafe mu kai tsaye: Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta na Ibadan sun wallafa bincike a 2018 a kan mata 1,136 masu wannan ciwo. Kashi 14.7 cikin 100 na ɗauke da lalatacciyar ƙwayar gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2. To idan uwa, ko 'yar uwa, ko gwaggo, ko inna ta yi sankarar mama ko ta ƙwan mace, musamman da ƙuruciya, a faɗa wa likita. Ɓoye ciwon dangi don kada 'yan mata su rasa miji cutar da su ne.

Wani abin farin ciki: nazarin da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna kowace wata 12 na shayarwa na rage haɗarin da kashi 4.3 cikin 100. Ragewa yake yi fa, ba ya hanawa, don haka mai shayarwa ma ta lura.

Alamominta: ƙullutu a mama ko hammata, ko da ba ya zafi, fata ta lotsa ko ta zama kamar ɓawon lemo, kan nono ya shige ciki ko yana fitar da jini, gyambon da ya ƙi warkewa. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, amma hannu ba ya bambancewa.

NA SHIDA: ABIN DA KE KANMU

Ga malamai 'yan uwana, da malamai mata na Islamiyya: tambayar jini wajenmu take fara zuwa kafin ta je asibiti. A ba da hukuncin salla, sannan a ƙara da jimla ɗaya: "A je a ga likita cikin makon nan." Ni yanzu ba na amsa tambayar istihala ba tare da ita ba.

Ga magidanta: izini da kuɗin mota a hannunku suke. Malaman Fiƙihu sun halatta wa likita duba abin da lalura ta buƙata gwargwadonta. A nemi likita mace ko ungozoma, in ba a samu ba lalura ta ba da dama. Kada kuma ka juya wa matarka baya don an cire mata mama, a lokacin ta fi buƙatarka.

Ga iyayenmu mata da 'yan uwa mata: kunya ado ce, amma ba a jin ta a kan rai. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, a kuma je asibiti a ranar. Kada a shafe wata shida ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe sannan a tafi.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa mahaifiyarsa da iyalinsa da ba sa hawa intanet. Baiwar Allah da na fara da labarinta, Allah Ya jiƙanta, Ya sa jinyar ta zama kaffara, ni kuma Ya yafe min gazawata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wallahu a'alam.