Darasin Kimiyya: Idan Cajar Mota Ta Ce Wuta na Zurarewa

Ɗalibai, yau za mu duba cajar motar lantarki ta gida, da abin da ke sa ta katse caji ta kunna jar fitila alhali babu wayar da ta lalace.

A cikin cajar akwai wani ɗan zobe da wayoyin wuta suka ratsa ta tsakiyarsa. Aikinsa awo ne: wutar da ta fita dole ta yi daidai da wadda ta dawo. In aka sami giɓi, to wani kaso ya bi ta ƙasa, ko ta jikin mota, ko ta jikin mutum. A Amurka caja kan yanke idan giɓin ya kai miliamfiya 20, breka mai kare mutane kuwa tun daga wajen 5 take faɗuwa. A Turai ma'aunin da aka saba shi ne 30.

Dalili na farko yana nan. Motar kanta tana da matatun lantarki da ke zubar da 'yar wuta kaɗan zuwa wayar ƙasa. Haka aka ƙera su, ba lahani ba ne, amma breka mai saurin faɗuwa ba ta san wannan ba.

Na biyu ya fi shafar masu janareta da inbata. Kafin caja ta saki wuta, sai ta tabbatar wayar ƙasa na nan daram. Ƙananan janareta da yawa ba a haɗa wayar dawowarsu da ta ƙasa ba, don haka caja ke ƙin aiki. Haka ma idan ƙasar da aka kafa sandar ƙarfen da wayar ƙasa ke haɗe da ita ta bushe ƙayau da rani.

Sai laima. Ku haska bakin filogi da tocila: ɗigon ruwa, ƙura da ta jiƙe, ko koren tsatsa a kan ƙarafan sun isa su sa caja ta katse. Ƙusar waya da ta saki ma haka.

Ku rubuta lokacin da matsalar ke zuwa. Bayan ruwan sama ne? A kan janareta kawai? Da wata motar ma tana yi? Amsoshin nan za su sauƙaƙa wa mai gyaran wuta aikinsa.

A ganina, kada a kira gargaɗi na ƙarya sai ƙwararre ya auna ya tabbatar. Don Allah, kada kowa ya cire wayar ƙasa ko ya tsallake breka don caji ya ci gaba.