Koyar da Yara Karatu ta Hanyar Labarin Gwanayen Wasanni

Gabatarwa

A shekarar 2022 Bankin Duniya da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da wani rahoto, inda suka ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari su fahimci abin da ya ƙunsa. Yaron da ya shiga sakandare a cikin wannan hali, kowane darasi zai zame masa dutse, domin lissafi da kimiyya da tarihi duk ta ƙofar karatu ake shiga cikinsu. Amma kuma wannan yaro shi ne zai zauna a dandali ya zayyana yadda aka yi wasan dambe ko kokawa, turmi bayan turmi, ba tare da ya tsallake kome ba. Ke nan ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Manufar wannan darasi ita ce a nuna yadda malami zai yi amfani da abin da yaro ya riga ya sani game da wasanni ya zama tsani zuwa ga karatu, da kuma dalilan da kimiyya ta bayar a kan haka.

Abin da ke Faruwa a Jiki Lokacin Karatu

Magana ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Yaro yakan koye ta a gida ba tare da an zaunar da shi a aji ba. Rubutu kuwa ƙirƙira ce wadda ba ta wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, don haka ba a haifi kowa da wani sashe na ƙwaƙwalwa da aka keɓe don karatu ba. Abin da ke faruwa shi ne, wani ɗan yanki a ƙasan ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda asalin aikinsa gane siffofin abubuwa ne, yakan saba da siffofin haruffa a hankali. Wani masani Bafaranshe, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa sun nuna a shekarar 2010, bayan sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manyan mutane a Burazil da Fotugal, cewa gwargwadon ƙwarewar mutum a karatu, gwargwadon yadda wannan yanki ke motsawa idan ya ga rubutu.

Ido ma yana da nasa aikin. Tun a ƙarshen shekarun 1870 wani likitan ido na Faransa, Emile Javal, ya bayyana cewa ido ba ya bin layin rubutu sumul. Tsalle yake yi, ya tsaya kimanin rubu'in daƙiƙa, sannan ya sake tsalle. Sabon ɗalibi yakan yi tsayuwa da yawa, yana yawan komawa baya. Kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, saboda abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. Maganin wannan shi ne maimaici, kamar yadda ɗan tsere yake maimaita taku har ƙafa ta daina jiran umarni. Wannan kwatanci yana da amfani a aji, domin yaron da ya ga yadda ɗan kokawa ke atisaye kullum zai gane cewa gardamar da karatu ke yi masa a yau ba alamar daƙiƙanci ba ce.

Gwajin da Aka Yi a Amurka

A shekarar 1988 wasu malamai mata biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun yi wani gwaji da ya shahara. Sun ɗauki ɗalibai 64 na ƙaramar sakandare, suka kasa su gida huɗu: gwanayen karatu da suka san wasan besbol, gwanayen karatu da ba su san shi ba, masu rauni a karatu da suka san wasan, da masu rauni da ba su san shi ba. Aka ba kowa rubutu iri ɗaya a kan wani ɓangare na wasan, aka ce ya kwatanta abin da ya karanta da 'yan gumakan katako a kan wani ƙaramin fili, ya kuma maimaita labarin da baki.

Sakamakon ya ba mutane mamaki. Masu rauni a karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba. Wato fahimta ba ta tsaya ga iya furta kalmomi kawai ba, tana dogara ƙwarai ga sanin da mai karatu ya zo da shi.

A Hausa wannan batu yana da ƙarin nauyi, domin rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Kalmar "kada" tana iya nufin dabbar ruwa, ko hani, ko kayarwa. Yaron da ke karanta labarin gasar takobi ta kokawa, wadda ake yi a Jamhuriyar Nijar tun 1975, ba zai yi wata-wata ba wajen gane wadda ake nufi, saboda ya san abin da ake zuwa yi a fagen kokawa.

Misalin Darasi: Abebe Bikila

Ga irin gajeren rubutun da malami zai iya tsarawa don 'yan aji biyar ko shida na firamare, ko 'yan shekarar farko ta sakandare:

"Abebe Bikila soja ne a cikin masu tsaron Sarki Haile Selassie na Habasha. A ranar 10 ga Satumba, 1960, ya shiga gudun yada ƙanin wani a wasannin Olamfik na birnin Rum. Tsawon gudun kilomita 42 ne da mita 195. Bikila ya yi gudun ba takalmi, ya kuma zo na ɗaya a cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olamfik. Bayan shekara huɗu ya sake cinyewa a birnin Tokiyo, a cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, alhali bai fi mako shida da yi masa aikin afendis ba."

Ana iya bin matakai huɗu da wannan rubutu.

Mataki na farko, kafin a buɗe takarda, malami ya tambayi yara abin da suka sani game da gudu. Wa ya taɓa yin tsere? Me ke sa haki? A nan ne zai rubuta sababbin kalmomi a kan allo, kamar "Olamfik" da "kilomita" da "zinariya", a rarraba su gaɓa-gaɓa, a furta tare.

Mataki na biyu, malami ya karanta da ƙarfi sau ɗaya, sannan yara su karanta biyu-biyu, ɗaya na karatu ɗaya na saurare, su yi musaya.

Mataki na uku shi ne maimaici da agogo. Yaro ya karanta na minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya furta daidai, ya rubuta adadin a bayan littafinsa. Bayan kwana biyu ya sake. Abin lura shi ne, da kansa yake gasa, yana neman ya wuce adadinsa na jiya. Idan aka mai da abin gasa tsakanin yara, mai rauni zai ji kunya ya ja baya, kuma gaggawa za ta ɓata fahimta.

Mataki na huɗu shi ne tambayoyi. Wasu amsarsu na cikin rubutun: a wane birni aka yi gudun farko? Wasu sai an yi lissafi: da minti nawa gudun Tokiyo ya fi na Rum sauri? Wasu kuwa sai an yi tunani: me ya sa nasarar Tokiyo ta zama abin mamaki?

Daga Wasa Zuwa Kimiyya

Labarin gwani ƙofa ce, bai kamata a tsaya a bakinta ba. Da zarar yara sun tambayi dalilin da ya sa 'yan Habasha da Kenya suka yi fice a dogon gudu, malami ya samu hanyar rubutu na biyu. Birnin Adis Ababa yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300 daga doron teku, haka ma garin Iten na Kenya inda 'yan tsere ke taruwa don atisaye. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri, kowane numfashi yana kawo oksijin kaɗan. Sai ƙoda ta saki wani sinadari mai suna iritiropoyetin, wanda ke sa ɓargo ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne ke ɗaukar oksijin zuwa tsoka. Tudu kaɗai bai isa ya yi gwani ba, sai an haɗa da horo na shekaru da abinci da juriya. Ta haka yaron da ya fara da labarin soja marar takalmi ya wayi gari yana karanta darasin jini da numfashi, da kalmomin da zai sake haɗuwa da su a ajin bayoloji.

Abubuwan Kiyayewa

Na farko, sha'awa ba ta maye gurbin koyon haruffa da sautinsu. Yaron da bai bambance "k" da "ƙ" ko "d" da "ɗ" ba, dole a zauna da shi a kan wannan tukuna.

Na biyu, kada a bar 'yan mata a baya. Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12 a Atalanta a 1996, ta zama ta farko da ta ciyo wa Nijeriya zinariya a Olamfik. Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 a shekarar 2022, da daƙiƙa 12.12. Ana iya auna mita 7.12 da igiya a filin makaranta, yara su ga nisan da idonsu, sannan su rubuta jimla uku a kan abin da suka gani.

Na uku, malami ya tabbatar da sahihancin kowane adadi kafin ya rubuta shi a allo, domin abin da yaro ya fara ji shi yake zauna masa.

Kammalawa

Wannan hanya ba ta bukatar kayan aiki masu tsada. Allo da alli da agogo da rubutu mai jimla shida ko bakwai sun wadatar. Ɗaliban sakandare ma suna iya gwada ta da ƙannensu a gida, su rubuta musu labarin wani ɗan dambe ko ɗan kokawa na garinsu, su saurare su na minti goma kowace yamma. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka kama hannunsa a aji uku ko huɗu ya fi sauƙin gyara a kan wanda aka bari har ya zauna jarrabawar fita.