Yadda Ake Auna Gwanintar Mai Binciken Cututtuka

Takardar shaida ita kaɗai ba ta isa ta nuna gwanintar mai binciken cututtuka ba. Ma'auninsa na gaskiya shi ne aikin da ya yi a cikin jama'a ran da annoba ta ɓulla.

Saboda haka ne a shekarar 2008 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta kafa shirin horas da masu binciken annoba, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Likitocin mutane da na dabbobi da ma'aikatan ɗakin gwaji sukan yi shekara biyu suna koyo. Kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai a aji, sauran duk a bakin aiki.

Ga abubuwa huɗu da akan duba:

1. Saurin gane cuta da kai rahoto ga hukuma.
2. Gano dukkan waɗanda suka yi cuɗanya da majiyyaci.
3. Ɗibar jini da kai shi ɗakin gwaji ba tare da ya lalace ba.
4. Iya yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji.

An ga amfanin wannan horo a 2014. Cutar Ebola ta shigo Legas ran 20 ga Yuli, a watan Agusta kuma ta kai Fatakwal. Ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka bi gida gida, suna auna zafin jikin kowane wanda ake zato har kwana 21. An sa ido a kan mutum 894, an kai ziyara wajen 18,500. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a Nijeriya.

Ma'auni na huɗu ya shafi unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu ƙwarai. Fatake da direbobi da masu cinikin shanu kullum suna kan hanya tsakanin Kudu da Arewa. Jami'in da bai samu amincewar Sarkin Hausawa da limamai ba, da wuya ya san wanda ya sauka jiya, balle wanda ya tashi yau.

Don haka ana roƙon jama'a su karɓi waɗannan jami'ai hannu bibbiyu, su faɗi gaskiya game da baƙi da marasa lafiya. Rigakafi ya fi magani.